Yaron Da Ke Bin Sawun Rudisha

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina a kan wata gardama da ta hana ɗakin kwananmu barci tun da aka dawo hutu. Gardamar kuwa a kan wani saurayi ne na ƙasar Kenya, Emmanuel Wanyonyi, mai gudun mita 800, watau abin da tsofaffin malamanmu su ke ce da shi rabin mil. Waɗansu sun ce yaron nan ya gama da kowa, ko gobe ya ga dama sai ya karya tarihin duniya wanda David Rudisha ya kafa. Waɗansu sun ce a'a, sa'a ce ta ke binsa, ran da ta ƙare za a ji shiru. Ni dai na saurari kowa har na gaji. A ganina yaron yana iya kai wa, amma abin da na ke jiye masa tsoro shi ne gaggawa, tasa da ta masu tura shi, fiye da dukan abokan takararsa.

Bari in fara gaya wa waɗanda ba su bin labarin guje-guje ko wane ne shi. An haife shi ran 1 ga Agusta, 2004, a yammacin Kenya, cikin gida mai 'ya'ya da yawa da abin hannu kaɗan. Yana wajen shekara goma ya bar makaranta, ya shiga kiwon shanun mutane domin a biya shi. Mahaifinsa ya rasu a 2018. Bayan wannan ne ya koma aji, ya girme 'yan ajinsa, a nan kuwa aka ga yana da gudu. Janeth Jepkosgei, wadda ta ci gasar duniya ta mita 800 ta mata a 2007, ita ta haɗa shi da mai horonsa, wani mutumin Italiya, Claudio Berardelli, wanda ke da sansanin masu gudu a garin Kapsabet.

Daga nan abin ya tafi da sauri ƙwarai. A 2021, yana da shekara 17, ya ci gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Nairobi cikin minti 1 da sakan 43.76. A 2022 ya shiga ta manya a Amurka, ya zo na huɗu. A 2023 a Budapest ya zo na biyu, Marco Arop na Kanada ya wuce shi. A 2024 ya ci zinariyar Olamfik a Faris, kwana tara bayan ya cika shekara 20. A 2025 kuma ya ci gasar duniya a Tokiyo. Na huɗu, na biyu, na ɗaya, na ɗaya. Kowane malami ya ga sakamakon ɗalibi yana hawa haka, ai sai ya yi murmushi.

To, amma kada mu tsaya ga jerin nasarori. Mu dubi gudun kansa, gama wanda bai taɓa yin mita 800 ba ba zai gane abin da a ke magana a kai ba. Zagaye biyu ne na fili kurum. Ya yi tsawo ƙwarai ga mai gudun sauri, ya yi gajarta ƙwarai ga mai dogon gudu. Ba wurin hutawa a cikinsa. Ni kaina na ɗanɗana a ranar wasanni ta bara. Gidanmu ba shi da mai yin rabin mil, aka ce in shiga ko don maki ɗaya. Na tashi kamar an sako ni daga baka, na wuce kowa a zagayen fari, 'yan gidanmu suna ta kirari. Da na shiga kwanar ƙarshe sai na ji kamar an ɗaura mini buhun masara a kowace ƙafa, ƙirjina yana zafi, ina kallo mutum biyar suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Na gama cikin minti biyu da rabi, na kwanta a ciyawa ina tunanin ajalina ne ya zo. Malamin kimiyya ya bayyana mana daga baya cewa in mutum yana gudu fiye da yadda iskar da ya ke shaƙa za ta iya ciyar da namansa, sai tsami ya taru a jiki, naman ya ƙi aiki. Duk mai mita 800 yana kai wa wannan wuri, har gwanaye. Bambancinsu da mu shi ne su suna jinkirta zuwansa, in ya zo kuma suna iya ci gaba da gudu a cikinsa.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, tun da mu masu shirin koyar da shi ne. Rudisha ya kafa tarihinsa a Landan ran 9 ga Agusta, 2012, minti 1 da sakan 40.91. Watau kowace mita 100 ya yi ta cikin wajen sakan 12.6, sau takwas a jere ba tsayawa. Ku tambayi gwanin gudun sauri na gidanku ko sau nawa zai iya yin haka. Mafi kyaun lokacin Wanyonyi zuwa ƙarshen 2025 shi ne minti 1 da sakan 41.11, wanda ya yi a Lozan ta Suwizalan cikin Agusta 2024, daidai da abin da Wilson Kipketer ya yi a 1997. Tsakaninsa da Rudisha kashi biyu cikin goma na sakan ɗaya ke nan. In an juya wannan zuwa tsawo, wajen mita ɗaya da rabi ne, bai kai taki guda na mai gudu ba. Wannan lissafi ne ya sa abokin ɗakina ya ke rantsuwa cewa an gama magana.

Na ce masa, ɗan'uwa, sannu dai. Takin nan guda da ka ke rainawa shi ne mafi tsada a duk gudun. Sebastian Coe na Ingila ya yi minti 1 da sakan 41.73 a 1981, aka shekara 16 kafin Kipketer ya wuce shi. Na Kipketer ya shekara 13 kafin Rudisha ya karya shi a 2010. Daga 1981 zuwa 2012, shekara 31, duk abin da 'yan Adam suka iya ragewa bai cika sakan ɗaya ba.

Sa'an nan akwai maganar abokan takara, wadda masu yabon yaron su kan tsallake. A Faris ya ci da minti 1 da sakan 41.19, Arop yana da 41.20. Kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, watau wajen santimita takwas, faɗin tafin hannu. Djamel Sedjati na Aljeriya ya zo na uku da 41.50, Bryce Hoppel na Amurka ya yi 41.67 ya koma gida ba ko lambar tagulla. A Tokiyo ma haka aka yi: Wanyonyi 41.86, Sedjati 41.90, Arop 41.95, dukan mutum takwas ɗin kuwa suka gama ƙasa da minti 1 da sakan 43. Mutanen nan uku kowa da halinsa. Arop dogo ne, an haife shi a Khartum ta Sudan, ya girma a Kanada, in ya buɗe ƙafa a miƙaƙƙen layi da wuya a tare shi. Sedjati mai laɓewa ne a baya, sai mita 100 ta ƙarshe ka gan shi kamar daga sama. Ya taɓa wuce Wanyonyi da wannan dabara a Faris cikin Yuli 2024, wata guda kafin Olamfik. Wanyonyi kuwa shi ke son gaba. Ya kan karɓi jagora tun da wuri, ya ja su da ƙarfi domin ya zare musu ƙarfin ƙarshe kafin a kai inda za su yi amfani da shi.

Masu cewa sa'a ce, a nan na rabu da su. Wanda ya ci sau ɗaya da faɗin tafin hannu a iya cewa sa'a. Wanda ya maimaita a shekara ta biyu, a gaban mutanen nan dai, da dabarar nan dai da kowa ya san zai yi, wannan ya san abin da ya ke yi. Jan gaba aiki ne mai wuya, gama na gaba shi ke sarar iska, shi ke auna saurin da kansa, na baya suna hutawa a inuwarsa suna kallon inda zai raunana. Rudisha ya yi haka a Landan, ya ja daga fari har ƙarshe, zagayen fari sakan 49.28, ba wanda ya taimake shi. A cikin samarin yau Wanyonyi ne na ga yana da wannan zuciya.

Ina ya samo ƙarfin? A nan ne na ga horonsa ya bambanta da na Rudisha, abin kuwa ya ba ni sha'awa. Hanya biyu ce a ke shigowa mita 800. Akwai masu zuwa daga ƙasa, watau daga mita 400, masu sauri waɗanda a ke koya wa jimiri. Akwai masu zuwa daga sama, daga mita 1500 da gudun daji, masu jimiri waɗanda a ke wasa musu sauri. Rudisha na kashin fari ne. Mahaifinsa ma, Daniel Rudisha, mai mita 400 ne, yana cikin 'yan Kenya huɗu da suka ci azurfa a gudun ba-ni-in-ba-ka a Olamfik na Meziko a 1968. Wanyonyi ya fi kama da kashi na biyu. Kapsabet tana kan tudu wajen mita 2,000 sama da teku, inda iska ba ta ƙosar da huhu kamar ta kwari, sai jiki ya ƙara jan jini domin ya rama. Sansanin Berardelli kuma ya fi suna wajen masu gudun fanfalaki na kilomita 42, irin su Evans Chebet da Benson Kipruto. Yaron da ya tashi cikin irin waɗannan mutane dole ya saba da doguwar hanya da hawan tudu kafin a kai shi fili a riƙa maimaita masa mita 200 da 300 da 400 da ɗan hutu a tsakani. Shaida ta nuna. A 2023 yana cikin 'yan Kenya da suka ci gudun daji na haɗin maza da mata a gasar duniya a Ostareliya. A Afrilu 2024 ya yi mil guda a kan titi a Jamus cikin minti 3 da sakan 54 da ɗoriya, wanda ya zama tarihin duniya a lokacin, ko da ya ke an karya shi cikin shekarar. A Afrilu 2025 a Kingston ta Jamaika ya shiga mita 1500 ya wuce mutum ukun da suka ci lambobin Olamfik na wannan gudu a Faris, watau Cole Hocker da Josh Kerr da Yared Nuguse. Jimirin nan shi ke sa ya iya yin gudu uku cikin 'yan kwanaki a babbar gasa, na share fage, da na kusa da ƙarshe, da na ƙarshe, ya iso rana ta uku da sauran ƙarfinsa.

Sai in zo ga abin da ya dame ni. Gudun mita 800 yana cin 'ya'yansa tun suna ɗanye. Ku dubi waɗanda suka riga shi. Nijel Amos na Botswana yana da shekara 18 ya bi bayan Rudisha a Landan da minti 1 da sakan 41.73, duniya ta ce ga magaji. Bai taɓa sāke yin wannan lokaci ba, bai ci gasar duniya ba, bai ƙara samun lambar Olamfik ba, a 2023 kuma aka dakatar da shi shekara uku saboda an sami haramtaccen magani a jikinsa. Donavan Brazier na Amurka ya ci gasar duniya a 2019 yana da shekara 22, sai ciwon ƙafa ya kama shi, aka yi ta yi masa aiki, bai dawo sosai ba sai 2025. Emmanuel Korir na Kenya ya ci Olamfik a 2021 da gasar duniya a 2022, a 2023 ko zagayen share fage bai tsallake ba. Rudisha da kansa ciwon gwiwa ya zaunar da shi a 2013. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da abokin takara ya kayar da shi har abada, jikinsu ne ko shawararsu ta ba da su.

Ga Wanyonyi kuwa a 2025, ya soma a Kingston cikin Afrilu, ya yi Oslo da Stockholm cikin Yuni, Monako da Landan cikin Yuli, Zurich cikin Agusta, ya ƙare a Tokiyo cikin Satumba, ban ma lissafa duka ba. Galibinsu kuwa gudun ƙure ƙarfi ne, minti 1 da sakan 41 ko 42. Ko da ya ke ya ci yawancinsu, mafi kyaun lokacinsa na shekarar, 41.44 a Monako, bai kai na 2024 ba. Ban ce ya koma baya ba. Na ce dai rijiyar da a ke ja kullum ba ta samun damar cika. Ai ko Rudisha, bayan abin da ya yi a Landan, mako uku kurum aka yi Mohammed Aman na Habasha ya wuce shi a Zurich. Irin wannan gudu ba a yinsa sau biyu a wata.

Na san abin da za a ce mini, abokin ɗakina ma ya riga ya faɗa. Ya ce kai ɗalibi ne mai cin tuwon makaranta, me ka sani game da yaron da ya yi kiwon shanun wani don ya ci abinci? Gudu sana'arsa ce, kowace fita kuɗi ce, yana da uwa da ƙanne, ƙarfin ƙafa kuwa ba ya jiran kowa. Zinariyar Faris ta zo da dala 50,000 daga hukumar guje-guje ta duniya, ta Tokiyo da dala 70,000, ban da na sauran wasanni. Wa zai ce masa ya zauna gida ya bar wannan? Maganar tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba. Amsata ita ce lissafin ma yana gefena. Wanda ya shekara goma yana ci ya fi wanda ya kwashe na shekara uku ya gurgunce, ko a aljihu. Amma na yarda ya fi sauƙi a faɗi haka daga kan benci.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu sa a ma'auni. Kafin 2024 mutum biyar kaɗai suka taɓa sauka ƙasa da minti 1 da sakan 42 tun da a ke gudun nan: Coe, da Joaquim Cruz na Birazil, da Kipketer, da Rudisha, da Amos. A 2024 kaɗai aka sami sababbi biyar. Ba wai an haifi gwanaye biyar rana ɗaya ba ne. Takalman gudu sun sāke, an sa musu wata irin katifa mai maido da ƙarfi da faranti mai tauri a ciki. A wasannin gayyata a kan sa mai jan gaba, wanda Turawa ke kira zomo, ya ja zagayen fari sa'an nan ya fita, har da fitilu a gefen layi masu tafiya da saurin da a ke nema. Da yawa cikin masu gudu kuma suna shan wani gari, ɗan'uwan kanwa, wanda doka ba ta hana ba, domin ya rage tsamin nan da na ambata. Saboda haka ran da tarihin Rudisha ya faɗi, zan yi murna, amma zan tambaya a ina, da kuma yaya. In an karya shi a bayan zomo da fitila, an karya shi dai, littafi zai rubuta. A wurina kuwa ba zai yi daidai da na Landan ba sai an yi shi a gudun ƙarshe na babbar gasa, mutum yana jan kansa da kansa. Wannan kuma wani dalili ne da ya sa ba na son Wanyonyi ya ɓata ƙarfinsa yana farautar agogo daga birni zuwa birni, gama shi ne wanda na ga zai iya yi irin na Landan.

Wani abin da ya sa labarin nan ya shige ni shi ne hannun malamai a cikinsa. Wanda ya horar da Rudisha, Colm O'Connell, ɗan mishan ne daga Ailan, ya zo makarantar St Patrick ta Iten a 1976 domin ya koyar da labarin ƙasa, bai san kome game da horar da masu gudu ba sai da ya koya a wurin. An san shi da haƙuri, da ƙin ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa. Wanyonyi ma da bai koma aji ba, da watakila har yau yana bayan shanu. Lokacin da na je koyon koyarwa a wata firamare ta ƙauye, na ga yara irinsa, manya a cikin ƙanana, suna zaune a bencin baya suna jin kunya. Na kuma ga yadda a ke yi da yaro in an gane yana da gudu: ranar wasanni a sa shi mita 400, da 800, da 1500, da ba-ni-in-ba-ka, duk a yini ɗaya cikin rana, domin makaranta ta ɗauki kofi. Ni ma ban hana ba, har na taya ihu. Abin da mu ke yi wa ɗan shekara goma sha uku a filin ƙauye, shi ne a ke iya yi wa ɗan shekara ashirin da ɗaya a filayen Turai, sai dai can da kuɗi a ke yi.

Da zan sami zama da Berardelli, ko da ya ke ya fi ni sanin aikinsa nesa ba kusa ba, da na roƙe shi ya rage wa yaron fita, ya zaɓi rana biyu ko uku a shekara waɗanda za a nemi lokaci da gaske, sauran a bar shi ya yi mita 1500 da gudun daji yana ƙara jimiri, a kuma wasa masa saurin mita 400, inda Rudisha ya fi shi. Rudisha ya fara karya tarihi yana da shekara 21, amma gudunsa mafi kyau ya zo yana da 23. An shirya gasar duniya a Beijin a 2027, da Olamfik a Los Angeles cikin Yuli 2028. A wannan wata Wanyonyi zai kasance da shekara 23, saura 'yan kwanaki ya cika 24.

Mun yi alkawari da abokin ɗakina a gaban shaidu. Ya ce tarihin zai faɗi kafin mu karɓi takardar gama kwaleji, ni na ce sai Los Angeles. Wanda ya faɗi zai saya wa ɗan'uwansa kaza, ya kuma shiga rabin mil a ranar wasannin duk makarantar da aka tura shi koyarwa, a gaban ɗalibansa.